Tunkiyar da Baba Habila Ya Ce a Nemo

Ku matso. Sau ɗaya zan faɗa, in na gama ku yi ta gardamarku.

A wani ƙauye a gindin dutse, inda aka taɓa haƙar kuza, an yi wani tsoho, Baba Habila, dattijon coci, mai kiwon tumaki. 'Ya'yansa huɗu. Autan, Nuhu, ya bar gida shekara shida, tun ranar da suka yi cacar baki da uban a kan gona. Sauran suna nan: Irmiya, Filibus da ƙanwarsu Afiniki.

Da damina ta yi nisa, zazzaɓi ya kayar da tsohon. Magani ya saukar da zazzaɓin, amma ya ƙi abinci, ya juya wa kowa baya. Ba abin da yake maimaitawa sai misalin nan na Nassi, na makiyayin da ya bar tumaki tasa'in da tara ya tafi neman ɗayar da ta ɓata. "Ku nemo mini ita," in ji shi. Malamin asibiti ya ce in bai ci ba, ba zai kai mako ba.

Irmiya ya shiga garke ya duba. Ya fito ya ce, "Tunkiya ya ce, tunkiya ce kuwa. Mai baƙin wuyan nan ba ta nan."

Filibus, wanda ke koyarwa a makarantar Lahadi, ya yi tsaki. "Haba Yaya, tumakinmu ko arba'in ba su kai ba, ina tasa'in da tara? Misali ne. Nuhu yake nufi."

"Kai ko akuya ka gani sai ka ce wa'azi ce."

Afiniki ta gaji da jin su. Ta ce, "Ku tafi duk inda za ku. Ni tawa tunkiyar ga ta can kwance a tabarma."

Filibus ya hau mota zuwa birni. Ya bi gareji-gareji, har a rana ta uku ya sami Nuhu yana facin taya. Ya sha fama kafin yaron ya yarda ya biyo shi. Da suka sauka a bakin hanya kunya ta kama Nuhu. Ya ce Filibus ya yi gaba, shi zai zaga ta bayan dutse kada a gan shi. Filibus ya iso gida shi kaɗai. Aka jira, shiru. Kowa ya ce Nuhu ya gudu ne.

Ashe a bayan dutsen Nuhu ya ji kukan tunkiya a cikin wani tsohon ramin kuza. Ya leƙa, ya gane tsagar kunnen garken ubansa. Ya ce bari ya fito da ita, kada ya shiga gida hannu rabbana. Ƙasa ta zame da shi, ya faɗa, ƙafa ta karye.

Irmiya kuwa yana daji. Ruwa ya wanke sawu, mutane na yi masa dariya, wai ubansa na bakin mutuwa shi yana bin dabba. Bai kula su ba. A rana ta huɗu ya ji kuka a rami, ya jefa igiya. Da ya ji murya ta ce, "Yaya, ni ne," sai ya gane Nuhu ne. Ya jawo ƙanen, ya jawo tunkiyar, ya goyo ɗaya ya koro ɗaya.

Duk kwanakin nan Afiniki na gida, tana jinyar tsohon. Lallashi ya ƙi ci. Sai ta dama kunu, ta ajiye ƙwarya biyu, ta ce, "Baba, in ba ka sha ba, ni ma ba na sha." Ta yini ta kwana haka, ga goyo a bayanta. Da tsohon ya ga yunwa ta galabaitar da ita, ya karɓi ludayi uku. Kullum ludayi ukun nan ne suka riƙe shi.

Da aka shigo da Nuhu, tsohon ya tashi zaune, ya rungume shi, suka yi kuka. Sannan ya ce a kawo tuwo.

Bayan tsohon ya warke aka yi godiya a coci. Irmiya da Filibus suka tsare shi, wai ya faɗa musu wacce tunkiya yake nufi. Ya yi dariya ya ce, "Ni da nake cikin ciwo, ina zan tuna?" Amma ya ce mai baƙin wuyan nan zai ba da ita ga wanda ya ceci ransa.

Da Filibus bai ɗauki maganar misali ba, da Nuhu na birni har yau. Da Irmiya bai ɗauke ta yadda aka faɗe ta ba, da yaron ya mutu a rami. Ba don Afiniki ba kuwa, da kabari za su tarar.

To, wa za a miƙa wa igiyar tunkiyar nan?