Takardar da Anti Ta Mayar Sau Uku

Akwai wata mata a wani kamfanin haɗa manhajar kwamfuta, abokan aiki suna kiranta Anti Jan Biro. Aikinta shi ne duba takardun da injiniyoyi ke rubutawa don bayanin kowane ɓangare na manhaja: me yake yi, kuma ta ina yake haɗuwa da sauran.

A ofishin akwai injiniyan da ake wa laƙabi da Gwani. Shi ya haɗa wa wani asibiti manhaja mai ɓangare uku: rajistar marasa lafiya, ɗakin gwaji da ɗakin magani. Aiki ya yi kyau, amma bayanin da ya kawo shafi biyu ne kacal.

Anti ta mayar masa. Ya ƙara layi biyar, ta sake mayarwa. Da ta mayar a karo na uku, sai ya zo teburinta yana huci, wai komai yana cikin kansa.

Ta cire tabarau ta ce, "Ƙanena, kan naka tare kuke tafiya gida. Rubuta yadda wanda bai taɓa ganinka ba zai gane."

Ya rubuta ba don ransa ya so ba. Wata biyu ko gaisuwa sai ciki-ciki.

Ran nan Gwani yana cikin jirgi, waya a kashe, sai ɓangaren magani ya tsaya cak. Asibiti suka kira, layin marasa lafiya ya kai bakin ƙofa, har da masu ciwon suga da ke jiran allura. Injiniyoyi suka yi cirko-cirko, kowa na tsoron ya taɓa nan can ya lalace.

Anti ta buɗe musu takardar. Shafi na tara ya nuna inda ɓangaren magani ke karɓar saƙo daga rajista. Cikin minti ashirin suka gyara, layi ya motsa.

Washegari a taron ma'aikata, manaja ya fara yabon Gwani. Sai Gwani ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, Anti za a yaba. Da ta biye mini, da yau ba ni da bakin magana."

Aka ɗau tafi. Anti ta gyara zama, murmushi ya ƙi ɓoyuwa. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, ranar aka fara tafa mata.

Darasi: Gwanintar da ba a rubuta ba, amfaninta iyakar inda mai ita yake. Mai gyara maka aiki ba maƙiyinka ba ne. Ku tura wa abokan aikinku, musamman gwanayen cikinsu.