Ranar da Malam Philip Ya Kulle Wayoyi a Durowa

Maman Jessica ce da bakinta ta fara ba ni wannan labarin, ranar da muka haɗu a keke daga Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari. Har muka sauka ba ta gama ba, sai da muka tsaya a gefen masu tumatur ta ƙarasa. Ta ce in rubuta muku, ko wani uba zai ji.

Akwai wani tsohon malamin firamare a Samaru, sunansa Malam Philip Abarshi. Matarsa Lucia, amma kowa Maman Jessica yake ce mata. Jessica ita ce 'yarsu tilo, ta sami gurbin karatun aikin jinya a wata ƙaramar kwaleji a Kanada.

Tun tana sakandare take tsaron gida a wasan hoki. Da ta je can, sai ta tarar su a kan ƙanƙara suke yin nasu. Takalminsu da ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa. Abin da suke bugawa kuma ba ƙwallo ba ne, wani ɗan baƙin faifai ne mai taurin dutse. Shekara biyu tana koyon tsayuwa a kan ƙanƙarar, a ta uku ta zama mai tsaron gidan 'yan matan kwalejin.

Ranar da Lucia ta fara ganin wasan, sai ta juya wajen mijinta.

"Baban Jessica, wannan wasa ne ko faɗa? Dubi yadda suke jifan 'yata da dutse."

"Ke ba ki san wasa ba," in ji shi. "Ba ki ga hular kwano a kanta ba?"

Shi kuwa Malam Philip, mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firji, ya zama babban masani. Ya kafa allo a baranda, yana rubuta sakamako da alli. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya sha bayani.

"Bara mun sha wuya saboda bayanmu a buɗe yake. Bana lamba huɗu ta warke, lamba tara tana ci kamar yunwa, ga 'yata a raga. Wasa goma sha huɗu, biyu kawai aka ci mu. Ku rubuta ku ajiye, bana kofi namu ne."

Maƙwabta suna yi masa dariya. "Malam, 'mu' ɗin nan da kake faɗa, a wane layi kake bugawa?"

Bai tsaya nan ba. Tun saura wasa uku a gama kakar, ya fitar da anko na godiya a coci, shuɗi da fari irin rigar ƙungiyar. Har tela ya fara yanka.

Ga kuma dokarsa. Ana yin wasan ne ranar Asabar da yamma a can, lokacin mu nan mun yi nisa da barci. To akwai wani magidanci, Kingsley, mai shagon kwamfuta a Sabon Gari, shi yake sauko da wasan daga intanet ya zuba a filas, ya kawo ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a kalla a talabijin. Malam Philip ba ya son ya ji sakamako kafin ya gani da idonsa. Don haka duk ranar Asabar bayan cin tuwo, sai ya kashe wayarsa, ya karɓi ta matarsa ya kashe, ya kulle su a durowa. Ba a buɗewa sai an busa tashi a talabijin. Shi ma Kingsley an hana shi leƙawa.

Lucia ba ta taɓa son dokar nan ba. Amma ta ce a ranta, mutum ya yi ritaya, ya sami abin da ke faranta masa rai, a bar shi.

Wata ranar Alhamis Jessica ta kira ta bidiyo. Lucia ta ga idonta a ƙanƙance, ga shi yarinyar ta kashe fitilar ɗakinta.

"Mama, faifan nan ya same ni a kai wajen atisaye. Tun jiya kaina ke sarawa, haske ma ba na so."

Kafin uwar ta buɗe baki, uban ya karɓe wayar.

"Kin gaya wa kocinku?"

"A'a, Baba. In na faɗa za su ajiye ni sati biyu."

"Sati biyu! To wa zai tsare mana gida? Waccan mai tsaron gida ta biyun da hannunta kamar rariya? Ki sha magani ki kwanta. Jinin Abarshi ba ya jin ciwon kai. An fa yanka anko."

Jessica ta yi 'yar dariya. "To, Baba."

Ranar Lahadi Lucia ta tashi da faɗuwar gaba. A coci ana waƙa, bakinta yana motsi, amma hankalinta yana cikin durowa. Suna dawowa ta tare shi a ƙofar ɗaki.

"Baban Jessica, ba ni wayata. Muryarta kawai zan ji."

"Ki ji muryarta, ni kuma in karanta sakamako a fuskarki? Na san ki. Awa biyu ne kawai, ki yi haƙuri."

Ƙarfe biyu Kingsley ya iso, maƙwabta huɗu suka shigo, aka kawo zoɓo. Lucia ta zauna a hannun kujera kusa da ƙofa, kamar mai shirin gudu.

Minti shida da farawa aka ci Jessica. Ba a jima ba aka ƙara, wani faifai mai tafiyar hawainiya ya bi ta tsakanin ƙafafunta.

Malam Philip ya miƙe. "Barci kike yi? Ko ni zan tare wannan!"

Su suna kallon faifai, ita Lucia 'yarta take kallo. Ba a ganin fuska a cikin hular, amma uwa ba ta buƙatar fuska. Ta ga duk lokacin da wasa ya koma can gefe, sai yarinyar ta jingina da ƙarfen raga. Ta ga tana girgiza kai kamar wadda ruwa ya shiga kunnenta.

"Yarinyar nan ba ta da lafiya," ta faɗa a hankali. Ba wanda ya ji ta.

Can wata doguwa daga ɗaya ɓangaren ta taho a guje, ta kasa tsayawa, ta yi karo da Jessica. Karon ma bai yi wani ƙarfi ba. Amma Jessica ta faɗi ta baya, ƙeyarta ta bugi ƙanƙara.

Ba ta tashi ba.

"Tashi mana," in ji Malam Philip. "Tashi, ba komai."

Ba ta motsa ba. Sandar wasanta tana can gefe. Lamba huɗu ta durƙusa a kanta, sai ta ɗago tana ɗaga hannu biyu tana kiran mutane. Wasu suka shigo da gadon ɗaukar marasa lafiya. Filin ya yi tsit, falon ma ya yi tsit.

Lucia ta tsinci kanta a durƙushe gaban talabijin, tafin hannunta a kan gilashin. "Yesu, ka tashe ta. Jessica, Mama ce, motsa ƙafarki in gani."

Tana cikin wannan addu'ar wani abu ya faɗo mata a rai. Ta juyo.

"Kingsley, yaushe aka yi wasan nan?"

Kingsley ya ce, "Mama... jiya ne. Ya kai awa goma sha uku."

Awa goma sha uku. Suna barci aka ɗauke ta. Suna waƙa a coci, suna shan zoɓo, duk abin da zai faru da ita ya riga ya faru. Ko tana asibiti, ko tana wani wurin da Lucia ta ƙi barin zuciyarta ta ambata.

"Makulli," ta ce.

Malam Philip ya laluba aljihu, babu. Makullin yana cikin rigar da ya je coci da ita. Ya ɗauko, makullin ya faɗi sau biyu. Lucia ta ture shi, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara talatin na aurensu, ta buɗe da kanta.

Ba ku san waya tana daɗewa kafin ta kunnu ba sai irin wannan ranar. Da ta kawo, saƙonni suka dinga shigowa kamar ruwan sama a kan kwano. Kira talatin da ɗaya, duk daga Toluwani, 'yar Ibadan da suke ɗaki ɗaya da Jessica.

Amma a saman su duka akwai saƙon murya daga Jessica kanta, wanda ta turo kafin a fara wasa. Lucia ta danna, kowa yana ji.

"Mama, ina ɗakin canza kaya. Kaina yana juyawa, na yi amai sau ɗaya. In shiga ko kar in shiga? Kar ki gaya wa Baba. Don Allah ki kira ni yanzu, abin da kika ce shi zan yi."

Maƙwabtan suka sunkuyar da kai. Malam Philip ya zame ya zauna a ƙasa.

Kingsley ya karanta saƙonnin Toluwani, da yake idon Lucia ya daina gani. An kai ta asibiti. Ta farfaɗo amma ba ta gane kowa ba. Likita yana tambaya ko ta taɓa buguwa a kai kwanan nan, ba wanda ya sani. Za a ɗauki hoton kanta. Saƙon ƙarshe ya ce, "Don Allah ku ɗauki waya." Daga nan shiru, awa shida ke nan.

Suka kira Toluwani, ba ta ɗauka ba. Suka kira Jessica, a kashe. Lucia ta sake kira, ta sake, tana zagaya falon ba takalmi. Wata maƙwabciya ta fara addu'a da ƙarfi, Lucia ta ce ta yi shiru, kar waya ta yi ƙara ba su ji ba.

A kira na tara aka ɗauka. Toluwani ce, barci ya sace ta a kujerar asibiti. Ta juya wayar.

Ga Jessica a kwance, an rage hasken ɗakin, idonta rabi a buɗe.

"Mama."

Lucia ta ce min a rayuwarta ba ta taɓa jin kalma mai daɗin wannan ba. Ta zauna.

Toluwani ta ce hoton bai nuna jini ba, amma ƙwaƙwalwar ta girgizu sosai. Likita ya ce in har bugu biyu ne a jere a cikin sati ɗaya, wasu ba sa tashi daga irinsa.

"Ina Baba?" in ji Jessica.

Ya matso da gwiwa, ya kasa kallon wayar.

"Baba, ka yi haƙuri, an ci ni biyu. Wasan ƙarshe saura sati biyu. Zan ce musu na warke, in sun yarda..."

Lucia ta zuba masa ido. Ta san yarinyar nan, in ya yi shiru kawai ma, to za ta koma kan ƙanƙarar.

"Ba za ki shiga ba," ya ce. "Ba bana ba, bayan nan ma sai likita ya yarda. Ki gaya masa na ranar Laraba, ki gaya masa komai. Ki ce ubanki ne ya hana ki faɗa."

"Anko fa?"

"Mamanki ta yi labule da shi. Jessica, kin ce min kanki na ciwo, na tambaye ki wa zai tsare gida. Ni ne zan ce ki yi haƙuri."

Tsoho ya fashe da kuka a gaban maƙwabta, su kuma suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya dawo daidai nan take ba. Wata biyu Jessica ba ta iya karatu, sai da aka ɗage mata jarrabawa. Ƙungiyar ta sha kashi a wasa na gaba, kofi ya tafi wani gari. Har yau in ta daɗe a haske kanta yana sarawa. Amma tana raye, tana gab da gama karatunta.

Ni dai da na koma gida ranar, abin ya tsaya min a rai. Washegari da sassafe, kafin in ɗora ruwan koko, na kira jikana Bernard da ke karatu a Jos. Yana ɗauka ya fara, "Kaka, sakamakon bai fito ba tukuna." Na ce, "Wa ya tambaye ka? Ya jikinka? Me ka ci jiya?" Sai ya ce ai kwana huɗu ke nan yana zazzaɓi.

Darasi: Ɗanka ba kofi ba ne da za ka ɗaga wa maƙwabta. In yaro ya ce maka ba shi da lafiya, ka ji wannan kafin ka ji komai, domin yara suna iya ɓoye ciwo har ya kashe su don kar su ba mu kunya. Kuma duk daɗin abin da kake kallo, kar ka rufe hanyar da ɗanka zai same ka. Ku tura wa iyayen da 'ya'yansu ke nesa, yau ɗin nan.