Baƙon da Aka Hana Shi Fartanya

A shekarar da kogi ya yi ambaliya ya cinye ƙauyukan fadama, akwai wani maigida da yake zaune a tudu, mai wadata da yawan iyali. Wata rana da hantsi wani mutum ya tsaya a ƙofar gidansa, shi da matarsa, da ɗan ƙunshin kaya a ka. Ruwa ya tafi da ɗakinsu da rumbunsu. Maigidan ya dube su, ya ji tausayinsu, ya sa aka share musu ɗaki mafi kyau. A ransa kuwa ya ƙudura cewa mutumin nan ba zai ƙara neman wani mazauni ba, a nan zai tsufa.

Sai ya shiga girmama shi. Mazan gidan a kwano ɗaya suke cin tuwo a zaure, suna gardama, suna tsokanar juna. Baƙon kuwa akan kai masa nasa akushin har ɗaki, da nama a kai. In an fita noma ya ɗauki fartanya, maigidan yakan karɓe ta daga hannunsa, ya ce, "Haba, Malam! Ina raye baƙona ya duƙa? Ga inuwa can." Matar baƙon ma haka. In ta kama taɓarya, sai matan gida su ƙwace, su shimfiɗa mata tabarma.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Baƙon ya yi ƙiba, maganarsa ta ragu. Maigidan ya ga ƙibar, ya ji daɗi.

Da rani, wata ranar kasuwa, baƙon ya dawo gida da la'asar, rigarsa a yage ta kafaɗa, ciyawa a gashin kansa, yana murmushi shi kaɗai. Maigidan ya miƙe da sauri, ya tambaye shi ko 'yan fashi ne suka tare shi.

"A'a, Baba. A ƙetaren rafi na tarar da mutane za su ɗora jinka a kan ɗaki, hannu bai ishe su ba. Na tsaya kallo, sai wani tsoho ya daka mini tsawa: 'Kai dogo, ido ka kawo mana? Kama nan!' Na kama. Gefena ya karkace, ya ce tun da yake bai taɓa ganin ƙato marar amfani irina ba. Da muka gama, suka ja ni kan ƙwaryar fura."

Ran maigidan ya ɓaci. "Baƙona za a zaga a kan hanya? Gobe zan je in ga tsohon nan."

"Kada ka je, Baba. Jibi ma suna da wata jinkar. Na ce musu zan zo."

Ya je jibin. Ya je ranar da suka yashe rijiya, ya je ranar da suka yi yaɓen rumbu. Kafin ruwan fari ya sauka, ya zo ya durƙusa gaban maigidan, ya ce tsohon ya yanka masa fili a ƙetaren rafi, shi da matarsa za su koma can.

 Maigidan ya san filin. Tsakuwa ce da ƙaya, ko awaki ba sa daɗewa a wurin.

"Da me muka rage ku? Abinci ne, ko makwanci?"

"Ba ku rage mu da komai ba, Baba, Allah ya saka da alheri. Amma kusan shekara guda ke nan muna gidanka, ba wanda ya taɓa aikenmu, ba wanda ya taɓa yi mana faɗa."

Washegari maigidan ya raka su har bakin rafi, ya tsaya. A can ƙetare tsohon yana jiran su, yana ta faɗa wai rana ta yi, sun shantake.

Ma'anar wannan misali ita ce: gidan nan ikkilisiya ce, maigidan kuwa mu ne. Baƙon shi ne sabon mai bi, ko ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa garinmu, ko amaryar da aka kawo daga wata gunduma. Ranar farko mukan sa su miƙe, mu tafa musu, mu ba su benci na gaba. Wannan yana da kyau. Amma shekara takan zagayo muna ce musu "baƙinmu". Ranar sharar ɗakin sujada ba a miƙa musu tsintsiya. Zumuntar mata ta yi girkin biki, ba a ba amaryar ko tukunya ta wanke. Muna tsammani girmamawa ce, su kuwa suna jin an ajiye su a ƙofa.

Ba a ce mu koyi zagin tsohon ba. Abin da ya yi daidai shi ne, ya buƙaci mutumin, ya kuma faɗa masa. Ubangiji bai kira kowa ya zama baƙo a gidansa ba, 'ya'ya ya kira, ɗan gida kuwa akan aike shi. Kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya tuna da wanda ya daɗe a cikinmu ana gaishe shi kawai, ya je ya ce masa, "Ɗan'uwa, zo ka kama mini."