Bankin da Aka Rubuta da Sunan Apa Kausar

An yi wani mutum a nan gaɓar kogin Chenab. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma har yau ina jin tausayinsa. Mai banki ne, rabin manoman audugar yankinmu wurinsa suke ajiya. Ba mugu ba ne, ya sha biya wa marayu kuɗin makaranta.

Sai ransa ya biya ya sayi ɗaya bankin garin ya haɗe da nasa. Hukuma ta hana, domin doka ta yanke iyakar ajiyar jama'a da hannu ɗaya zai riƙe, don in hannun ya karye kada gari duka ya kwana da yunwa.

Ya 'yan uwa, me ya rasa a duniya? Amma zuciya ba ta san ƙoshi ba. Ya ɗauki takardu ya nufi gidan yayarsa, Apa Kausar, wato Yaya Kausar, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ko alif ba ta sani ba.

"Apa, dangwala mini yatsa a nan."

"Kai Auta, hannuna duk ƙullu ne. Gona ka saya mini?"

"Abin da ya fi gona, Apa."

Ta goge hannu a mayafi, ta dangwala tana dariya.

Da wannan yatsa ya sayi ɗaya bankin da sunanta. A takarda bankuna biyu ne, a zahiri aljihu ɗaya. Ya kwashe ajiyar duka biyun ya zuba a cinikin auduga. Shekarar da kogi ya cinye gonaki, manoma suka zo karɓar kuɗin iri. Wannan ƙofa a rufe, suka ruga waccan, ita ma a rufe. Da ya bar bankin ga masu shi, da rabin gari ya tsira.

Da masu bincike suka zo, sunan wa suka gani? Na Apa Kausar. Ƙanen ya tsaya gaban alƙali yana kuka, yana rantsuwa shi kaɗai ne mai laifi. Aka ɗaure shi, amma kukan bai hana a yi gwanjon gidanta ba.

Ranar da ta je ganinsa a kurkuku ba ta zage shi ba. Cewa ta yi, "Auta, maƙwabta sun daina amsa sallamata. Wai me na saya ne?"

Ya 'yan uwa, iyakar da aka yanka maka ba ƙiyayya ba ce. Wanda ya tsallake ta da sunan wani, wanda ya fi ƙaunarsa yake fara jefawa a rami.

Allah ya kiyaye mu daga haɗama, ya hana mu cin amanar masu yarda da mu. Amin.