Zanen Kubura a Bayan Baka

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a birnin Tandama da ke bayan manyan duwatsu, an yi wani sarki mai suna Jatau. Tun rasuwar matarsa Kubura ya daina zaman fada, har ya tura 'yarsa Gimbiya Marka gidan kawunnanta, domin fuskarta tana tuna masa da mahaifiyarta. Saurayin da take so ma sarki ya hana shi turo magabatansa neman aurenta.

Ranar Laraba, uku ga watan Rajab, gari ya waye da hadari baƙi ƙirin, amma ko ɗigo bai sauka ba. Wani aljani ne ya ɗaure gajimaren da igiya a ƙololuwar dutse, ya yi shela cewa babu mai tsinke ta sai kibiyar da ta fito daga bakan da sarki ya sassaƙa da hannunsa. Shuka ta fara bushewa, rijiyoyi suka ƙafe.

Sarki ya keɓe kansa a zaure yana fiƙar itacen marke. Duk bakan da ya gama, da ya ja tsirkiya sai bayansa ya tsage. Ya dafa fatar bijimi har ta zama danƙo, ya manna sabon alharini a bayan wani bakan, shi ma ya tsage.

Iya Gambo, tsohuwar masaƙiyar da ta yi renonsa, ta tarar da shi cikin ɓaraguzan itace.

"Ranka ya daɗe, sabon ƙyalle miƙewa yake yi, ba ya riƙe itace. Sai saƙin da ya sha wanki da bugu har ya gama miƙewarsa. A gidan nan kuwa ɗaya ya rage, ka san inda yake."

"Iya, shi kaɗai ta bar mini," in ji sarki.

"Na sani, ɗana. Ni na saƙa mata shi."

Ya buɗe adudun Kubura ya ɗauko zanen, shuninsa ya koɗe, ƙamshin turarenta bai gama fita ba. Ya daɗe riƙe da shi, sannan ya sa wuƙa ya farke ɗinkin, ya ware shi ƙyalle-ƙyalle yadda aka saƙa shi. Ya shafa danƙo a bayan sabon baka, ya shimfiɗa ƙyallen yadda tsawon zare zai bi tsawon itace, yana lallatsawa da babban yatsa don kada iska ta maƙale a ƙarƙashi. Ya jingine shi a inuwa har ya bushe.

Ya hau dutsen shi kaɗai. Ya ja tsirkiya har kunnensa, bakan ya yi ƙara, amma zanen ya riƙe. Kibiya ta tsinke igiyar, aljanin ya yi kururuwa ya ɓace, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Sarki ya dawo a jiƙe, ya tsaya gaban adudun da babu komai a cikinsa. Sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta: "Marka, ki dawo gida. Wanda kike so ya turo magabatansa."

Ya miƙa wa manzo takardar, ya raka shi da kansa har ƙofar gari.