Siradji Bai Daina Ba, Hutu Ya Ɗauka

Kai da ke zama gindin bango kana koya wa mutane yadda za su ɗan huta da wiwi don ta dawo musu da ƙarfinta, da kai nake. Ba zan kira sunanka ba, ka san kanka. Likitan banza kawai!

Jama'a, ku matso. Akwai wani ɗan kilando a nan N'Djamena mai suna Siradji, yana jigilar mutane da kaya a babur tsakanin Ngueli da Kousseri. Mutum ne mai fara'a, amma wiwi ta riƙe shi.

Da farko zuƙa biyu ke kai shi sama. Da jiki ya saba, sai ya busa naɗi uku yana zaune kamar ruwa ya sha. Ga faɗa, ga mantuwa. Matarsa Zulaikha ta gaji, ta ɗauki 'yarsu Hajjo ta koma gidan yayanta a Toukra.

Siradji ya kai kuka wajen Salmanu, mai sayar masa. Kada ku ɗauka kukan iyali ya kai.

"Kayanka sun mutu," in ji shi. "Ba na jin komai."

Salmanu ya yi dariya. "Kaya ƙalau suke, ya akhuy, kanka ne ya ƙoshi. Ga azumi ya zo. Ajiye ta har sallah. Ranar da ka koma, wallahi kamar ranar farko."

Ya ajiye. Ya sha wuya: barci ya gudu, gumi, mugayen mafarkai, abinci kamar ƙasa. Amma kafin azumi ya yi nisa idonsa ya washe, har ana ganinsa wajen tafsiri. Labari ya kai Toukra, Zulaikha ta dawo da ƙafarta.

"Abban Hajjo, ka daina da gaske?"

"Kin ga ina sha?"

Kun ji amsar ɗan duniya? Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ita kuwa ta yi hamdala har da hawaye.

Hajjo, wadda a da ke ɓuya bayan uwarta in ya shigo, ta koma barci a cinyarsa. Ya yi mata alkawari ranar sallah zai kai ta bakin Chari ta ga dorina.

Ranar sallah ta sha lalle da sabuwar riga. Zulaikha, da ba ta taɓa yarda yarinyar ta hau babur ɗinsa ba, da hannunta ta ɗora ta.

A hanya ya ratse lungun Salmanu. "Tsaya nan, Hajjona, yanzu zan fito."

Ya sha adadin da ya saba sha a da. Shi bai manta ba, amma jikinsa ya manta.

Ba su yi nisa ba ya ji hannayensa kamar na aro. Babur ya kwanta cikin yashi. Shi ko ƙwarzane. Amma salansa mai zafi ta danne ƙafar Hajjo.

"Abba, ɗaga! Abba, zafi!"

Yana zaune a ƙasa yana kallonta, ya kasa gane me ake ce masa. Wata mai tallar kifi ce ta yar da tirenta ta ɗaga babur ɗin.

A asibiti Zulaikha ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Cewa ta yi: "Da ka ci gaba da shanka, da 'yata tana Toukra lafiya. Hutunka ne ya yaudare ni."

Yau Siradji ya daina da gaske, har likita yake gani. Duk Juma'a yana zuwa Toukra, ya ajiye babur nesa, ya ƙarasa da ƙafa, don Hajjo in ta ji ƙarar inji ƙarƙashin gado take shiga. Tabon na nan. Dorina kuwa har yau ba ta gani ba.

Darasi: Wanda ya ajiye wiwi don ta dawo masa da daɗi bai daina ba, wasa ta yake yi kamar wuƙa, kuma na kusa da shi za ta fara yanka. In za ka bari, bari don Allah da iyalinka, ka nemi taimakon likita, ka gaya wa matarka gaskiya. Ku tura wa duk wanda ke cikin irin wannan hutu.

Kai kuma likitan gindin bango, na san kana karantawa. Je Toukra ka kalli ƙafar yarinyar nan, sannan ka dawo nan ƙasa ka rubuta cewa ƙarya na yi, in ka isa.