Madugu Tunau da Ruwan da Ba Shi da Tsallake

Ga ta nan, ga ta nanku, na baya ku matso.

Ta zo mu ji ta.

A wani zamani fari ya faɗa wa wani gari. Rijiyoyi suka ƙafe, kogi ya koma yashi. Sai wani mutum, Madugu Tunau, ya tara gidajen da suka yarda da shi, ya ɗora tsohuwarsa Inna Tarana a kan jaki, suka miƙa kudu neman ruwan da ba ya ƙafewa. Suka wuce ƙasar kuka, suka wuce ƙasar giginya, suka ratsa kurmin da rana ba ta taɓa ƙasa. Ran nan sai itatuwa suka ƙare. Ƙasa ma ta ƙare.

Ruwa ne. Ku da kuka saba da kogi kun san kowane kogi yana da tsallake, in ka ɗaga murya na can ya amsa. Wannan ba shi da shi. Ya tafi, ya tafi, har ya haɗu da sama. Ya taso fari, ya kwanta, ya sake tasowa, yana ruri ba ya gajiya. Mutane suka tsaya cik. Jakuna ma suka daina kaɗa kunne.

Can sai Inna Tarana ta ce, "Tunau, sauke ni. Ƙashina ya gama tafiya. In gari ne a nan, in kabari ne a nan."

Cindo, taubashin Tunau, ya ɗebi ruwan ya kurɓa, ya furzar. Ya ce, "Madugu, ashe bakin miya ka kawo mu. An zuba gishiri, saura kuka da daddawa."

Allah ya taimake su da wata 'yar ƙorama mai daɗi a cikin kurmi, amma wurin sauro ne da macizai. A bakin ruwa kuwa ga fili fetal, yashi sumul kamar daɓe. Tunau ya duba ya ce, "Rani ne, ruwa ya janye. Ba zai dawo ba sai shamuwa ta zo." Ai haka abin yake a ƙasarsu, fatake a tsakiyar kogi suke kwana da rani.

Sai suka sari itace, suka kafa bukkoki. Ƙaguwa ta leƙo daga raminta, ido a tsaye, ta ce, "Baƙo, ka gaida mai gida?"

Tunau ya ce, "Ban ga kowa ba."

Ta ce, "Yana tafe."

Kafin la'asar ruwa ya taho, ba hadari, ba iska, ba ɗigon sama. Ya shiga bukkoki ya kwashe su kamar mai kwashe shanya. Tunau ya goyi Inna Tarana ya gudu da ita tudu.

Washegari ruwa ya janye, fili ya dawo sumul. Tunau ya ce ambaliya ce ta ratse, ba ta maimaitawa. Suka sake kafawa, suka kewaye da ganuwar yashi. Ƙaguwa ta ce, "Baƙo, ka gaida mai gida?" Ya ce, "Na yi masa ganuwa." Ruwa ya zo ya lashe ganuwar, ya tafi da buhun gero, ya tafi da tukunyar matar Cindo.

Rana ta uku Tunau ya kwance huhun goro. Ya ce da Ƙaguwa, "Ina ake samun mai gidan nan?"

Ta ce, "Ai ni ce zaginsa. Ba ka ga tafiyata a karkace ba? Saboda ladabi ne, ba a ba shi baya. Kawo in kai masa."

Ya ba ta. Ta ja goro ɗaya bayan ɗaya ta cusa a rami. Suka kafa bukkoki. Ruwa ya zo ya ɗauke.

Sai mutane suka fara ɗaure kaya. Cindo ya ce, "Madugu, wasa ya ƙare. Gobe mu za mu juya. Gara ƙishin da muka sani." Tunau ya dubi Inna Tarana kwance a kan tabarma. Ya san ko ƙofar kurmi ba za ta kai ba.

Ya hau wani dutse ya zauna. Bai ɗauki gatari ba, bai ba da umarni ba. Kallo kawai. Ya ga ruwa ya hau, ya tsaya, ya koma. Ya ga ya sake hawa. A nan kan dutsen ya kwana.

Da gari ya fara wayewa sai ruwa ya buɗe, wata Kififiya ta fito, bayanta ya kai faɗin garkuwa, gansakuka ta tsiro a kai. Tana jan jiki, tana nishi. Ta wuce inda suka kafa bukkar farko, ta wuce ta biyu, ta wuce ta uku. Sai da ta kai inda wata ciyawa mai yaɗo ta fara, sannan ta haƙa rami ta zuba ƙwai.

Tunau ya sauko ya durƙusa. Ya ce, "Barka da asuba, Kaka. Me ya kawo ki nesa haka, ga fili a ƙasa?"

Ta ce, "Ɗan nan, daga ƙasar da ruwa ke zuwa sau ɗaya a shekara kake, ko?"

Ya ce, "Daga can nake."

Ta ce, "Shi wannan ruwa, numfashi yake yi. Daminarsa sau biyu ce a yini, raninsa sau biyu. Tun ana halittar duniya bai taɓa fashi ba. Ba ya cin goro, ba ya jin ganuwa, amma yana da iyakar da aka yi masa. Uwa ba ta ajiye ƙwanta inda zai kai. Ka kafa daga bayan ramina. Sai dai mutanenka da yunwa suke, na gani."

Tunau ya ce, "Wanda zai taɓa ƙwanki sai ya fara taka ni."

Ta juya ta koma, ruwa ya rufe ta.

Ya sari itace shi kaɗai, ya kafa bukka ɗaya a bayan ramin, ya kwantar da Inna Tarana a ciki. Masu tafiya suka tsaya da kaya a ka, su ga ƙarshen hauka. Cindo ya hango ramin ya ce, "Ko ƙwai biyu ne, Madugu, guzuri." Tunau ya je ya zauna a kan ramin.

Ruwa ya taho. Ya cinye fili, ya hau, ya hau, yana ruri. Mata suka rufe ido. Ya zo har gab da ciyawar nan, ya shimfiɗa farin kumfa, ya tsaya. Sannan ya ja da baya a hankali.

Cindo ne ya fara sauke kayansa. Ya ce, "To, ina gatarin?"

Nan gari ya kafu. Suka koyi jirgi, suka koyi taru, suka dafa gishiri suna kai wa arewa. Inna Tarana ta ga jikokin da aka haifa da rurin teku a kunne. Har yau a garin ba a cin ƙwan kififiya, ba a kuma kafa tubali ƙasa da ciyawar nan.

Shi ya sa baƙo, in ka sauka a wuri, idonka ya riga gatarinka aiki.

Ƙurunƙus kan ɗan tarwaɗa, wanda ya musa ya je ya gani.